Jan Hayaƙin da Ke Tsakanin Taurari: Tafiya Zuwa Tsaunukan Namibiya

Duk mai niyyar zuwa Namibiya don ɗaukar hoton taurari, lissafin wata yake fara yi kafin ya sayi tikitin jirgi. Ƙarshen wata ake so, lokacin da farin wata ya ɓace dare ya yi baƙi ƙirin, kuma tsakanin Mayu da Satumba, wato lokacin sanyinsu, da babu ruwa babu hadari. Gonakin da ke saukar irin waɗannan baƙi sukan cika tun da sauran watanni, shi ya sa abokin tafiyata, wani malamin kimiyya a jami'a da muke kira Dakta, ya kama mana ɗaki tun kafin in gama yanke shawara. Shi ne mai kayan aiki da sanin kan abin. Ni ɗan rakiya ne, mai riƙon jaka da littafin rubutu.

A watan Yuni muka tashi daga Abuja, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan sai Windhoek. Filin jirgin yana da nisan kilomita 45 gabas da birnin, a tsakiyar fili fetal, kuma an sa masa sunan Hosea Kutako, basaraken Herero da ya riƙa kai ƙarar mulkin Afirka ta Kudu gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. A wurin binciken kaya wata jami'a ta nuna wani ɗan akwatin roba a jakar Dakta, ta ce a buɗe. Ya buɗe a hankali, ya zaro wani ɗan gilashi zagayayye da bai kai tafin hannun yaro ba, ya riƙe shi ta gefe da yatsu biyu don kada ya taɓa fuskarsa. Ta leƙa ta ga idonta a ciki, domin fuskar tasa madubi ce sak. Ya ce ta ɗaga shi ta dubi fitilar rufi. Da ta ɗaga, sai duk ɗakin ya ɓace mata, ba ta ganin komai sai wani ɗigon ja mai duhu inda fitilar take. Ta mayar masa tana murmushi, ta ce mu wuce. Wannan ɗan gilashin shi ne matacin haske, kuma dominsa muka yi tafiyar.

Ba mu daɗe a Windhoek ba. Gari ne tsaf-tsaf a kan tudu, mita 1,700 sama da teku, ga coci da gine-ginen Jamusawa a tsakiyarsa, ana tuƙi ta hannun hagu. Muka yi hayar mota mai ƙarfi, muka sayi ruwa da burodi da kifin gwangwani, muka kama hanyar C26 da ta nufi kudu maso yamma. Kwalta ba ta yi nisa ba ta ƙare, sai burji da ƙura da hawa da gangara. Dama da hagu shingen waya ne ba iyaka, bayansa busasshiyar ciyawa da itatuwan ƙaya. Mun ga gwaggon biri zaune a kan shinge, mun ga gadu da 'ya'yansa sun tsallaka hanya da jela a miƙe, can nesa kuma ga mariri tsaye. Abin da ba mu gani ba shi ne mutane. Ƙasar ta kai murabba'in kilomita 824,000, ba ta gaza Najeriya da yawa ba, amma ƙidayar 2023 ta nuna mutanenta miliyan uku ne da 'yan kai, ba su kai na birnin Kano da kewaye ba. Asirin duhun darenta ke nan: inda babu gari babu fitila.

Wajen la'asar Dakta ya nuna min wasu manyan ƙarafa ja a gefen hagu can cikin fili. Ya ce na'urorin H.E.S.S. ne, masu farautar haske mai tsananin ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya. Sun fara aiki a 2002, huɗu masu faɗin mita 12, sannan a 2012 aka ƙara ta biyar mai mita 28. Gaba kaɗan sai Gamsberg ya bayyana, tsauni mai tsayin mita 2,347 wanda samansa ya baje sumul. A 1970 cibiyar nazarin taurari ta Max Planck da ke Jamus ta mallaki saman tsaunin da nufin kafa babbar tashar hangen nesa. Siyasa ta hana, domin a lokacin ƙasar tana hannun gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, duniya kuma ta juya mata baya. Madubin mai faɗin mita 2.2 da aka tanada don nan sai aka kai shi La Silla a ƙasar Chile. Da ƙwararru suka janye, sai masu yi don sha'awa suka gaje wurin, akasari Jamusawa, gonakin kiwo da ke gindin tsaunin kuma suka gano cewa baƙon taurari ya fi saniya riba.

Akwai abin da bai kamata matafiyi ya kau da kai daga gare shi ba. Waɗannan shingaye da muka yini muna wucewa suna da tarihi. Jamus ta mallaki ƙasar daga 1884 zuwa 1915, kuma tsakanin 1904 da 1908 sojojinta suka yi wa Herero da Nama kisan kiyashi, aka ƙwace filayensu da dabbobinsu. Sai a 2021 Jamus ta amince da kiran abin da sunansa. An sami 'yanci a 1990, amma har a 2018 alƙaluman hukuma sun nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na manyan gonakin kasuwanci suna hannun farar fata. Mun sami tarba ta mutunci a gonar da muka sauka, ba ni da abin cewa a kan masu ita sai alheri. Duk da haka, a teburin cin abincin dare baƙar fata biyu ne a zaune, ni da Dakta. Sauran 'yan uwanmu suna kicin.

Dokar gidan ɗaya ce, kuma ba a wasa da ita: rana na faɗuwa, babu mai kunna farar fitila. Kowa da 'yar jar tocilan ɗaure a goshi, tagogi a rufe da labule mai kauri, wayar hannu a aljihu. Ido yana buƙatar kusan rabin awa kafin ya saba da duhu, walƙiya ɗaya ta farin haske kuma takan mayar da shi baya. Da za mu yi Magariba Dakta ya duba alƙibla, sai ga ta tana fuskantar arewa da ɗan karkata zuwa gabas. Jikina ya so ya yi gardama, don ya saba da gabas, amma lissafi ya fi shi gaskiya.

Muna sallame Isha muka fito, sai na tsaya cak. Farin zanen nan da ke ratsa samaniya, wanda Turawa ke kira Milky Way, ni kuma zan kira shi Kogin Taurari, na san shi tun ina yaro a ƙauye, amma ban taɓa ganin sa da irin wannan kauri ba. Ya taso daga gabas ya bi ta kudu ya gangara yamma, da rassa da baƙaƙen ramuka a jikinsa. Wannan kogin shi ne gungun taurarin da ranarmu take ciki, muna hango shi ta gefe saboda muna zaune a cikinsa. Cibiyarsa, mai nisan tafiyar haske ta shekara 26,000, tana tsakanin burujin Kunama da na Baka, kuma da yake Gamsberg yana digiri 23 kudu da tsakiyar duniya, da tsakar dare a watan Yuni cibiyar takan zo kusan daidai tsakar ka. Na ce, "Dakta, to me ya rage a ɗauka? Ai ga shi nan ido yana gani." Ya ce, "Malam, abin da muka zo nema ba ya cikin abin da kake gani."

Kayan aikinsa ba su da girma. A filin da aka keɓe akwai masu manyan madubin hangen nesa da sai mutum biyu ke ɗaga su, shi kuwa gilashin kyamara ne na milimita 135, irin wanda masu hoton biki ke amfani da shi, a bayansa matacin nan, a bayan mataci wata kyamara jar gwangwani da ba ta san launi ba, baƙi da fari kawai take gani, tana da fanka da ke sanyaya cikinta zuwa digiri goma ƙasa da sifiri. Duka an ɗora su a kan wani mariƙi mai mota da ke juyawa digiri 15 a kowace awa, daidai da juyawar duniya, don taurari su tsaya wuri ɗaya a hoton. Ƙaramin gilashi yake so da gangan. Babban madubi ɗan lungu yake gani, wannan kuwa yana kwaso fili mai faɗi a ɗauka ɗaya, abin da yake nema kuma faɗi gare shi.

Saita mariƙin ya ba shi wuya. A arewa akwai tauraro mai haske da ke nuna ƙusar da samaniya ke juyawa a kanta, a kudu kuwa wanda ke kusa da ƙusar dusu-dusu ne, da ƙyar ido ke kama shi. Wani dattijo Bajamushe da ke kusa da mu, tsohon injiniya mai ritaya, ya ga Dakta yana durƙushe yana ta leƙe, sai ya taso ya nuna masa yadda zai auno wurin daga taurarin nan huɗu masu siffar gicciye. Dakta ya ce, "Na gode, Baba." Dattijon ya tambayi wane mataci yake amfani da shi, da ya ji mai nanomita bakwai ne sai ya gyaɗa kai ya koma kan kujerarsa.

Aka juya kyamara kudu maso yamma, wajen taurarin da ke sama da Suhailu, aka buɗe ta na minti biyar. Na dubi wurin da idona, babu komai sai taurari a warwatse da baƙin fili a tsakaninsu. Da hoton ya sauko a kwamfuta, taurarin sun ƙanƙance sun zama ɗige-ɗige, baƙin filin nan kuwa ya cika da hayaƙi, wani a dunƙule, wani ya miƙe sili-sili, wani ya lanƙwashe ya fita ta gefen hoton. Dakta ya ce wannan kusurwa ɗaya ce kawai ta gajimaren Gum, wanda faɗinsa a samaniya ya kai digiri 36. Farin wata rabin digiri ne, wato sai an jera wata saba'in kafin a ratsa shi. Abu mai wannan girma yana bisa kanmu, kuma babu wanda ya san da shi sai a shekarun 1950, lokacin da wani matashi ɗan Ostareliya, Colin Gum, ya wallafa jerin gajimaren da ya gano da kyamara da jan mataci daga tsaunin Stromlo. Bai yi tsawon rai ba, ya rasu a hatsarin wasan zamiyar ƙanƙara a Suwizalan a 1960.

A ɗakin shan shayi, muna ɗumama hannu da kofi, Dakta ya warware min yadda abin yake. Tara cikin goma na ƙwayoyin zarra da ke sararin samaniya haidurojin ne, kuma da shi ake ƙera taurari. Idan aka haifi manyan taurari masu tsananin zafi a cikin gajimaren haidurojin, haskensu yakan fizge ilektaron daga jikin ƙwayar. Can sai ilektaron ya sake samun wata ƙwayar ya kama, ya riƙa gangarowa mataki-mataki, kuma duk lokacin da ya sauko daga mataki na uku zuwa na biyu sai ya saki haske ja mai tsawon zango guda da ba ya canzawa: nanomita 656.3. Wani malamin makarantar 'yan mata a Basel, Johann Balmer, shi ya fara gano lissafin waɗannan layukan haske a 1885, sannan Niels Bohr ya bayyana dalilinsu a 1913. Hasken da idon mutum ke gani ya kama daga nanomita 400 zuwa 700. Matacin nanomita uku kuwa kusan kashi ɗaya cikin ɗari na wannan faɗin yake bari ya wuce. Aikinsa aikin rariya ne a hannun mai tankaɗe, sai dai ita wannan rariyar garin duka take tarewa, ta saki ƙwaya iri ɗaya tak. Hasken taurari da na wata da na fitilun gari a baje suke a kan launuka da yawa, don haka mafi yawansu a waje suke tsayawa. Jan hasken haidurojin kuwa gaba ɗayansa a wannan 'yar ƙofar yake, sai ya shige salin-alin.

Na tambaye shi me ya sa ido ba ya ganin sa ko a irin wannan duhu. Ya nuna tocilan da ke goshina. Ya ce ƙwayoyin ido da ke aiki da dare kusan makafi ne ga jan launi, shi ya sa jar fitila ba ta ɓata mana gani, shi ya sa kuma jan gajimaren yake ɓoye mana. Hatta kyamarar da ake sayarwa a kasuwa an sa mata gilashin da ke tare yawancin wannan jan, don fatar mutum ta fito daidai a hoto. Masu wannan sha'awa sukan kai ta a cire mata shi, har kamfanin Canon ya fitar da samfurin 20Da a 2005 musamman dominsu, Nikon ma ya biyo da D810A a 2015.

Wanda ya ɗauka wannan aikin kallon taurari ne cikin nishaɗi, to bai kwana a filin ba. Hoto ɗaya na minti biyar cike yake da ƙura-ƙura, sai an ɗauki gommai na wuri ɗaya kwamfuta ta ɗora su a kan juna kafin hayaƙin ya fito sumul. Sai an rufe bakin gilashi an ɗauki hoton duhu zalla don a cire ɗumin kyamarar kanta, sai an ɗauki na farin allo don a goge inuwar ƙura da duhun kusurwoyi. In an gama da yanki ɗaya a matsa gefe, a bar ɗan baki ya hau kan na baya don ɗinki ya haɗu. Sanyi yana sauka zuwa kusan sifiri, ƙarfen gilashin ya tsuke, saiti ya goce, a sake gyarawa. Akwai daren da iska ta taso daga gabas ta riƙa girgiza mariƙin, duk abin da aka ɗauka bayan tsakar dare aka zubar. A nan ne kuma na fahimci gyaɗa kan dattijon nan. Idan aka buɗe gilashin kyamara sosai, haske yakan faɗo wa mataci a karkace, ƙofar tasa ta ɗan gusa daga inda jan yake. Mataci mai ƙunci ƙwarai, wanda ya fi tsada, sai ya tare abin da aka saye shi ya shigar. Ga irin gilashin Dakta, mai nanomita bakwai ya fi dacewa.

Da Kunama ta hau tsakar ka aka juya kanta. A nan hoton har cunkushewa yake yi: gajimaren da ake kira Tafin Kyanwa kusa da harbin Kunamar, na Lagoon can wajen Baka, da wani ƙaton da'ira mai faɗin digiri goma arewa da jan tauraron da malaman hisabi ke kira Ƙalbu. Kusan duk suna da lamba a jerin da Stewart Sharpless ya wallafa a 1959, mai ɗauke da gajimare 313, ko a na RCW da aka yi a Ostareliya a 1960. Amma manyan tashoshi ba su da lokacin da za su ɓata ɗaruruwan awoyi a kan fili ɗaya, mai yi don sha'awa kuwa lokacin nasa ne. J-P Metsävainio, wani mai fasaha a garin Oulu na ƙasar Finland, ya shafe shekara 12, daga 2009 zuwa 2021, yana ɗinka guntaye 234 da suka ci awa 1,250, har ya fitar da hoton Kogin Taurari mai tsawon digiri 125. A Amurka mutum uku, David Mittelman da Dennis di Cicco da Sean Walker, suka kafa ƙananan madubai a New Mexico da matatan nanomita uku, da niyyar ɗaukar samaniya gaba ɗayanta da jan hasken haidurojin. Wani kuma, Dave Jurasevich, a hoton haidurojin da ya ɗauka ya tsinkayi wani kumfa zagayayye a burujin Cygnus wanda ƙwararru ba su taɓa lura da shi ba, aka tabbatar da shi daga baya.

Da jinjirin wata ya tsaya ya fara girma, filin ya soma watsewa. Masu ɗaukar hoto mai launi da masu kallo da ido suka naɗe kaya, don farin wata ya kashe musu kasuwa. Dakta kuwa ya ci gaba da aikinsa, hotunansa suna fitowa ba laifi. A ɗaya daga cikin waɗannan darare wani saurayi ɗan Damara da ke kula da janareta da famfon gonar ya tsaya a bayanmu yana kallon kwamfuta. Ya san sunayen taurarin kudu fiye da ni, ya ji su a bakin baƙi shekara da shekaru, ya sha ɗaukar akwatunan madubai daga mota zuwa fili. Dakta ya matsa masa kujera, ya nuna masa inda zai danna. Ya danna, muka jira minti biyar tare, gajimaren Carina ya fito a allon. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a tura masa a waya zai nuna wa ƙanwarsa da ke sakandare.

A hanyar komawa Windhoek muka yi ta lissafi, kuma ga inda na tsaya. Tafiyar ta biya kuɗinta, domin gajimaren Carina da ke can sama a Namibiya, a Kano digiri 18 kawai yake ɗagowa daga doron ƙasa, cibiyar Kogin Taurari kuma lokacinta ya faɗo cikin damina. Amma wanda ya ce sai an je hamadar Namibiya ake wannan aiki bai fahimci matacin ba. An yi shi ne don ya yaƙi hasken gari da na wata, kuma Oulu, inda aka ɗinka wancan babban hoto, gari ne mai fitilu a digiri 65 arewa, inda da bazara dare ba ya yin duhu sam. Hadari da ƙurar hunturu ne kawai mataci ba ya iyawa da su. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba, samaniyar Kano da Katsina da Damagaram da Agadas takan washe. A lokacin burujin Cygnus, wanda ke maƙare da jan gajimare, yana can sama bayan Isha, kafin Asuba kuma taurarin da ke bin bayan Kaza da 'Ya'yanta sun hau, tare da ƙaton bakan haidurojin da Edward Barnard ya ɗauki hotonsa a 1894.

Kayan ba su da arha, mataci mai kyau kaɗai yakan ci ɗaruruwan daloli, amma duka-duka ba su kai kuɗin tsohuwar mota ba. Sashen kimiyya na kowace jami'a a Arewa ko a Nijar zai iya sayen saiti ɗaya ya ɗora a rufin bene, ya damƙa wa ɗalibai su riƙa kwana a kansa bi da bi. Ina kira ga shugabannin waɗannan sassa, da masu hannu da shuni da ke tallafa wa makarantu, su gwada haka a kakar bana.